Jiƙon Kaka da Tseren Yayana

Jiya maƙwabciyata ta aiko mini da ɓawon maɗaci ƙulle a leda, wai in jiƙa in sha saboda ciwon cikin da nake ta yi mata ƙorafi. Ina kwance ƙullin, warin ya bugi hancina. Na zauna bakin gado da ledar a hannu, na daɗe ban motsa ba. Mace da furfura ta fara fito mata, tana tsoron ɓawon itace. Ku yi dariya in kun ga dama, ba zan ji haushi ba. Ni dai na san abin da ɗacin nan ya taɓa yi mana wata damina a ƙauyenmu, can arewa da Filinge.

Kakata, uwar babana, ita ce mai jiƙon gidanmu. Ba boka ba ce, kuma da kun kira ta haka da kun sha zagin da zai kai har kan kakanninku. Tana da wata tsohuwar baƙar tukunya a bayan ɗakinta, kusa da rumbu, kullum da jan ruwa a ciki. Akwai ɓawon maɗaci, da saiwar sabara, da ɗan kalgo, da jar kanwar da ake kawo mata daga Imanan, sai wasu saiwoyi biyu da ba ta taɓa faɗa wa kowa sunansu ba, ko 'ya'yan cikinta. Duk ɗan da aka haifa a gidan nan da ruwan tukunyar nan ya tashi. Mai jego ta sha, wanda aka yaye ya sha, wanda za shi kokawa ya sha. Wanda za shi cirani kuwa, sai a shanya kayan su bushe, a daka, a ƙulle masa garin. Ita maganin ƙarfi take ce masa. Mu yara azaba muke ce masa, amma sai ta ba da baya.

Yayana, babban wanmu, shi ne ɗan gaban goshinta. Da wasan jika da kaka, maigidana take kiransa, shi kuma ya ce mata uwargida. Dogo ne siriri, babu ƙirjin 'yan kokawa, abin da ya daɗe yana ci wa baba rai, don a ƙasarmu ta Kurfai in yaro bai iya kayar da sa'ansa ba sai a riƙa duban ubansa. Amma Allah ya ba shi ƙafa. Kwalejin da yake karatu tana Filinge, mu muna ƙauye, babu keke, babu jaki na kansa. Sai ya cire takalmansa ya rataya a wuya, ya bi rairayi da gudu, safe da yamma, rani da damina. Haka mushen wasanni, wato malamin da ke koya musu motsa jiki, ya gan shi ya riƙe. Ya kai shi Yamai sau da yawa. Ana nan sai muka ji wai an zaɓe shi cikin waɗanda za su tsaya wa ƙasa a wata babbar gasa da ƙasashe ke haɗuwa, a wani wuri da sai an hau jirgin sama.

Ya zo sallama farkon damina, hatsi yana ɗan tsiro. Kaka ta ce wannan tafiyar ba irin ta cirani ba ce, don haka garin da za a yi masa sai ya ninka na kowa ƙarfi. Ni na daka shi. Ina 'yar yarinya lokacin, taɓarya ta kusa fi na tsawo, ƙurar maɗaci tana shiga mini maƙogwaro ina tari, ita kuwa tana zaune tana cewa in ƙara laushi. Ta tankaɗe da kanta, ta cika wani gwangwanin madara mai murfi, ta naɗe shi da tsumma.

"Kowace sahiya ka ɗiba ka zuba a hura," in ji ta. "In babu hura can, ko a ruwa. Kada ka tsallake rana, maigidana."

"Na ji, uwargida," ya ce, yana dariya. Ya sa gwangwanin cikin jakarsa a gabanmu duka, baba ya raka shi tasha.

Baba yana da rediyo, baƙa, mai igiya da yake ratayawa a kafaɗa. In ya dawo gona ya yi la'asar, sai ya zauna ƙarƙashin aduwar ƙofar gida ya kunna. Tun da yayana ya tafi, labarin wasanni ya zama kamar sallah ta shida a gidanmu, har inna, mahaifiyata, takan ajiye daka ta zo bakin zaure ta tsaya. Ran nan hatsi ya kai ƙugu, iska tana kaɗa warin ƙasa jiƙaƙƙa, kaka tana zaune gefe da faifai tana tsinkar tafasa. Mai karanta labari ya ce an buɗe gasar, kuma tun ba a je ko'ina ba rigima ta tashi. Wani shahararren mai gudu na wata ƙasa mai nisa ya ci zinariya, an gwada fitsarinsa, an samu abu a ciki. An karɓe lambar, an kore shi daga masauki, mutanen ƙasarsu sun ce ya zubar musu da mutunci. Ya yi ta rantsuwa bai san ya sha abin da aka hana ba, ba wanda ya saurare shi.

"Mi ya sha?" in ji kaka, ba ta ɗaga kai daga faifan ba.

"Wai abin ƙara ƙarhi, inna," baba ya ce. Yana rufe baki sai na ga ya dube ta.

Hannunta ya tsaya cikin ganyen. Baba ya kashe rediyon. Ban taɓa jin shiru irin na yammacin nan ba, har kukan akuyar maƙwabta ya zama abin firgita. Ni ban gane komai ba sai da inna ta ce a hankali, "Gwangwanin." Nan na tuna wa ya daka.

Washegari baba bai je gona ba. Ya tafi Filinge ya zo da mushe a kan mobilet, ƙaramin babur ɗinsa. Mushe mutum ne mai fara'a, da aka gaya masa sai ya fara dariya, ya ce ai abin da ake nema na Turawa ne, ƙwayoyi da allurai. Har na fara jin numfashina yana dawowa. Sai ya tambayi abin da ke cikin garin. Kaka ta lissafa masa maɗaci da sabara da kalgo da kanwa, ta tsaya nan. Baba ya ce, "Inna, da sauran biyun." Ta daɗe tana dubansa. Daga nan ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da saiwoyin nan biyu da ko surukarta ba ta taɓa gani ba, ta ajiye su kan tabarma gaban baƙon namiji. Ku da ba ku san ta ba, ba za ku gane girman abin ba. Inna sai da ta kau da kai.

Mushe ya ɗauka, ya juya, ya shinshina, ya ɗan ɓanɓara ya sa a harshe. Dariyar ta ɓace daga fuskarsa.

"Inna, ba zan yi miki ƙarya ba, ban san su ba," ya ce. "Abubuwan da aka hana suna da yawa, wasu daga itace ake tatso su. An taɓa kama waɗanda maganin mura kawai suka sha."

"In an samu, mi za a yi mishi?"

"A hana shi gudu shekaru. A faɗi sunansa da sunan ƙasarsa a rediyoyin duniya, a ce mai maguɗi ne."

Kaka ta dafa ƙasa da hannu biyu. "Kowa da kowa ake gwadawa?"

"Waɗanda suka zo kan gaba, ukun farko, su dole ne. Sauran sai wanda tsautsayi ya faɗa wa."

Ta gyaɗa kai. Ta kwashe saiwoyinta ta koma ɗaki.

An yi duk abin da za a iya. Baba da mushe sun je gidan waya a Filinge sun buga Yamai, aka ce tawagar ta daɗe da tashi, wanda ke da lambar masaukinsu ba ya nan, a sake bugawa. Sun sake bugawa har baba ya haddace fuskar mai haɗa layin. Sun kai saiwoyin wurin majo, babban ma'aikacin ɗakin shan magani, shi ma ya shinshina ya ɗaga kafaɗa. Babu wata hanya da za a gaya wa yayana ya daina sha. Kowace safiya in gari ya waye, inna takan dubi gabas ta ce, "Yanzu haka ya zuba." Kuma mun san halinsa, in ya ce ya ji, to ya ji.

Ni kuwa tsorona daban ne, na yara, amma wallahi bai fi na manya sauƙi ba. A kaina na ƙera wata na'ura mai ido ɗaya da take duba fitsarin mutum ta faɗi duk wanda ya sa hannu a abin da ya sha. Na tabbata za ta faɗi kaka, sannan ta faɗi yarinyar da ta daka. Ga shi ni ma tun ina goye nake shan jiƙon. Sai na daina fitsari a bayan gida. Nakan matse har marata ta yi ciwo, in ruga cikin hatsi can nesa, in yi, in tura ƙasa da ƙafa in rufe, in tattake. In na ji ƙarar mota daga hanyar Filinge, na san jandarmomi ne, sai in shige ƙarƙashin rumbu. Daga ƙarƙashin rumbun na ga kaka wani hantsi ta jawo baƙar tukunyarta, ta tuttular da ruwan a gindin kalgo, ta kife ta. Ba ta san ina kallo ba. Tun da nake ban taɓa ganin gindin tukunyar nan ba sai ranar.

Ta daina cin abinci sosai. Hura in an kai mata sai ta kurɓa ta ture. Zancen kuma ya fita, ban san ta bakin wa ba. A bakin rijiya na ji wata tana cewa, "Ashe gudun da taimako," sauran suka yi dariya, da suka gan ni suka haɗiye. Wannan fa ba a samu komai ba tukuna. Na dawo da tulu rabi, ina kuka, na rasa wanda zan gaya wa.

Ranar tseren, rediyon ƙasa ya ce zai kawo shi kai tsaye bayan la'asar, don akwai ɗan jaridarsu a can. Da Faransanci za a yi, shi ya sa mushe ya zo don ya fassara. Hatsi ya fara fitar da kai, sama ta yi baƙi ta gabas amma ruwan bai sauko ba, zafi kamar an rufe mu da ƙwarya. Ƙauyen gaba ɗaya ya taru ƙarƙashin aduwa, har da waɗanda suka yi dariya a rijiya. An sa wa rediyo sababbin duwatsu, wato batura. Baba ya zauna ya dafa gwiwoyinsa.

Kaka ba ta fito ba. Inna ta ce in je in zauna da ita. Na same ta kan buzunta, ta fuskanci alƙibla, tasbaha a hannu. Daga waje ana jiyo muryar ɗan jaridar yana zuba Faransanci da sauri, mushe yana bin sa da Hausa. Sun tashi. Suna cikin tari. Ga namu nan a tsakiya. Na matsa kusa da ita, sai na ji abin da take faɗa.

"Allah ka nauyaya ƙahwarsa. Allah ka sa wasu su wuce shi. Allah kada ka ba shi gaba yau."

Na dube ta, na zaci kunnena ne. Ta kama wuyan hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba. "Ce amin," ta ce. Na ce amin.

A waje ihu ya tashi. Mushe ya manta da duk maganar saiwa, yana ƙwala murya, "Ya hau gaba! Shi ne a gaba!" Samari suna tsalle, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Kowane ihu sai in ji yatsun kaka sun ƙara nutsewa a hannuna. Hawaye suna bin kuncinta, bakinta bai tsaya ba. Matar nan ita ta goye shi, ita ta ɗura masa jiƙon farko, ita ta ninka masa ƙarfin garin don ya ci. Ga ta tana roƙon Ubangiji ya karya abin da ta yi da hannunta. Ni kuma ina ta amin, ina ganin na'urar nan mai ido ɗaya tana jiransa a ƙarshen fili.

Mushe ya ce saura zagaye ɗaya, har yanzu shi ne. Daga nan muryarsa ta fara sauka. Wani ya wuce shi. Wani kuma. Ihun ya ragu, ya koma "kai, kai, kai" a bakin maza. Sai shiru, ɗan jaridar kaɗai ke magana. Mushe ya ce, da muryar da ba ta yi kama da tasa ba, "Na huɗu."

Kaka ta saki hannuna ta kifa goshinta a ƙasa. Na ji tana ta alhamdu lillahi cikin buzun. Da na fita, mutane suna watsewa suna cewa saura kaɗan, saura ƙiris. Baba yana nan yadda na bar shi, sai dai kafaɗunsa sun sauka. Inna tana madafa tana kuka, kuma har gobe ban san kukan wanne ba ne, na rashin nasara ko na tsira. Bayan haka mun ci gaba da kasa kunne, ko tsautsayin da mushe ya faɗa zai faɗa kansa. Aka rufe gasar, aka ambaci waɗanda aka kama, sunansa bai fito ba.

Lokacin girbi ya dawo, ya rame, sanye da rigar tawaga mai launin tuta. Bayan an gama gaishe-gaishe kaka ta kira shi ɗaki. Ina bakin ƙofa, ba wanda ya kore ni. Ta gaya masa duka, labarin rediyo, da saiwoyin, da abin da ta roƙa.

"Maganina ya kai ka gaba, bakina ya jawo ka baya," ta ce. "Ni na riƙe ka, maigidana. Ka gahwarta mini."

Ya daɗe yana duban ƙasa. Can ya kama hannunta ya ce, "Kin kyauta, uwargida. Kin cece ni." Ranar ta ci tuwo har da ƙari.

Ba a sake zaɓarsa ba. Shekarar da ta biyo gwiwa ta dame shi, kafin ya warke yara sun taso. Kaka kuma ba ta sake kafa tukunyar ba. Ƙannena na baya ba su san ɗacin jiƙo ba, kuma sunan saiwoyin nan biyu da ita ya tafi kabari.

Bayan rasuwarta, an gama zaman makoki, ni da yayana muna kwashe kayan bayan ɗakinta da hantsi. Lokacin na yi aure har da goyo. Ya ɗago tukunyar daga inda take kife, gara ta yi gida a ciki. Ya tsuguna yana kakkaɓe ta, bai dube ni ba, ya ce, "Kin san ban sha ba?"

Na ce, "Ban gane ba."

Ya ce tun a Yamai, kafin su hau jirgi, mai horar da su ya sa kowa ya zazzage jakarsa. Laya da guru an bar wa mai su, amma duk abin da ake sa wa a baki, gari ne ko ruwa, sai a zubar. Da hannunsa ya juye gwangwanin a kwata. Ko ɗanɗane bai yi ba.

Sai da na zauna a ƙasa. Na tuna tarin da na yi wurin daka, da matsin marata cikin hatsi, da gidan waya, da tsohuwar da ta yi sati-sati tana ture hura. Haushi ya taso mini, na ce, "Kai wane irin mutum ne? Mi ya hana ka gaya mata?"

"In ce mata mi?" ya ce. "In ce na zubar da maganinta a kwata? Ko in ce ta roƙi Allah ya kayar da ni a banza?"

Sai na tambaye shi abin da nake jin tsoron tambaya, na ce to zagayen ƙarshen fa. Ya ce bai sani ba. Wataƙila sun fi shi gudu ne, don da ma gwanaye ne. Shi dai abin da ya sani, yana gaba, numfashinsa lafiya lau, sai ya ji ƙafarsa ta yi nauyi. Ya mayar da tukunyar ya kife inda take, muka ci gaba da aikinmu.

Yau ɗana a waya yake kallon irin gasannin nan, yana kwance a ɗaki. Shi da abokansa suna ta gardama, wane ya sha, wance an zalunce ta, masu gwajin ma a gwada su. Suna yi suna dariya, don su sunaye ne kawai a wurinsu. Ni in an fara sai in tashi in nemi abin yi, don duk wanda aka ambata ina ganin wata tsohuwa a bayansa zaune kusa da rediyo. Ɓawon maɗacin maƙwabciyata yana nan kan taga, cikin bai daina ciwo ba, kuma ban jiƙa ba.

Yayana yanzu shi ke koya wa yara gudu a Filinge, a kan rairayin da ya taka. In za a tafi da ɗaya daga cikinsu wata ƙasa, ba ya aike. Da kansa yake hawa babur ya je ƙauyen yaron, ya nemi kakarsa, ya tsuguna ya yi mata bayani tun kafin a daka komai. Na taɓa raka shi sau ɗaya wajen garin Damana. Tsohuwar ta saurara, ranta bai so ba, ta ce to in an hana ta ba jikanta abin sha, ita mi ya rage mata ta yi masa.

"Ki roƙa mishi, inna," yayana ya ce. Ya murza gwiwarsa. "Ki roƙa mishi ya ci. Ko mi kika ji a rediyo, ki roƙa mishi ya ci."